Tambayoyinku kan Fasaha: ERP ba a haddace shi

Ina koyar da ɗaliban harkokin kasuwanci a wata kwaleji. An ƙaro mana darasin ERP, wato tsarin kwamfuta da ke haɗa saye, sito, sayarwa da lissafin kuɗin kamfani wuri ɗaya, na yi musu handawut mai shafi 40, sun haddace sunayen sassan tsarin tsaf. Amma da na tambaye su yadda sassan ke haɗuwa sai aji ya yi tsit. Ina matsalar take? Wani malami, Kaduna

Malam, matsalar tana cikin shafi 40 ɗin nan. Wannan abu ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya: ɗalibi zai zayyano maka cewa kamfanin Gartner ne ya raɗa wa tsarin suna a 1990, kuma tsofaffin ma'aikatan IBM biyar ne suka kafa SAP, kamfanin da ke yin manhajar ERP mai wannan suna, a Jamus a 1972, amma bai taɓa ganin oda ɗaya ta tashi daga teburin mai saye ta isa littafin akanta ba. Alhali darasin ke nan gaba ɗaya: rumbun bayanai ɗaya, kowa na rubutu a cikinsa, abin da wani ya shigar shi ne abin da na gaba zai tarar.

Ka girka manhajar ERP mai suna ERPNext, kyauta ce kuma da cikakken sashen lissafin kuɗi. Ka raba ajin gida huɗu: masu saye (masu sayo wa kamfani kaya), masu sito, masu sayarwa, akantoci. Kowane rukuni da sunan shigarsa da iyakar ikonsa. Don Allah kar ka ba kowa kalmar sirrin babban mai kula da tsarin, domin in mutum ɗaya zai iya yin oda, ya karɓi kaya, ya biya kuɗin, to hanyar sata ka koya musu.

Masu saye su yi odar buhun shinkafa 100, a ce kowanne naira 60,000. Ka tsayar da ajin, a buɗe littafin lissafi. Babu abin da ya motsa, saboda oda alkawari ce kawai. Sai ka ce wa masu sito buhu 95 ne suka sauka daga mota. Da zarar sun shigar da takardar karɓar kaya, darajar sito za ta ƙaru da naira 5,700,000, kuma adadin zai zauna a wani asusun wucin gadi na kayan da aka karɓa amma ba a kawo takardar kuɗinsu ba. A SAP sunan asusun GR/IR. Akanta bai taɓa komai ba, littafinsa ya canza. A nan ne ɗalibi mai kaifin basira yake gyara zama.

Yanzu ka miƙa wa akantoci takardar dillali mai neman kuɗin buhu 100. In ka riga ka kunna saitin da ke wajabta takardar karɓa kafin a shigar da ta neman biya, tsarin zai ƙi wuce 95. Oda, karɓa, neman biya: sai ukun sun yi daidai ake sakin kuɗi. Ka bar su su yi ta musu a kan wa zai bi sawun buhu biyar ɗin, musun ma karatu ne.

Sannan a sake sayen buhu 95 a kan 70,000, a sayar da 50. In tsarin na fitar da kayan da suka fara shigowa, kuɗin kayan da aka sayar zai zama 3,000,000. In matsakaicin farashi yake bi, wato 65,000, zai zama 3,250,000. Ciniki ɗaya, riba biyu, saboda saiti ɗaya da wani ya zaɓa ranar farko.

Ka kuma ɗana musu tarko: ka bar kowane rukuni ya ƙirƙiri sunan kaya da kansa. Za ka ga "Shinkafa 50kg" da "shinkafa buhu" da "SHINKAFA" a matsayin kaya uku, sito cike amma mai sayarwa na ganin babu. Kar ka kunna saitin da ke barin kaya su yi ƙasa da sifili don a huta da ƙorafi. Ƙorafin ne ke nuna musu inda aka yi ɓarna.

In kana son labarin da za ka rufe darasin da shi, ga na Hershey, kamfanin cakulan na Amurka. A 1999 ya matse lokacin aikin, ya kunna sabon tsarinsa ana dab da kakar ciniki, ya kasa kai odar kimanin dala miliyan 100 lokacin bikin Halowin, kayan kuwa suna jibge a sito.

Zan iya sa SAP a wayata in koya? Wata ɗaliba, Zariya

A'a, 'yar uwa. A saba yake zama, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗuwa da ita, kuma makaranta ce ke shiga shirin SAP University Alliances ta samar wa ɗalibanta izini. Ta nan ake samun kamfanin gwaji na Global Bike da wasan ERPsim na makarantar HEC da ke Montiriyal. Mai tallan "SAP na waya" a WhatsApp datarki yake so.

Odoo ko ERPNext? Wani ɗalibi, Maraɗi

Odoo, ita ma manhajar ERP ce, ta fi kyan fuska, 'yar Beljiyam ce, amma cikakken sashen lissafinta yana cikin na kuɗi. Don karatu ERPNext nake ba kowa. Ka sa ta da Docker, manhajar da ke sauƙaƙa girka irin wannan tsarin, kwamfutarka ta kasance da RAM 8GB in ba ka son zaman jira.

Shagonmu da Excel muke komai. Ba ERP ba ke nan? Wani ɗan kasuwa, Kano

Alhaji, a sa yaron shago da akanta su gyara layi ɗaya a kwamfuta biyu, da yamma a tambaye su buhu nawa ya rage. In amsarsu ta bambanta, to ba rumbun bayanai ɗaya ba ne, ba ERP ba ne.