Amsa ga mai son bin ayarin mota da tanti daga Jodan zuwa Masar da Sudan

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce kana son shiga ayarin babbar motar nan da ke tashi daga Amman, ta ratsa Jodan da Masar, wasu ma har Sudan, ana kwana a tanti ana ziyartar kufai. Kana tambaya ko wanda bai taɓa kwanan daji ba zai iya, wane lokaci ya fi, da me za ka duba kafin ka biya. Na bi hanyar nan kafin yaƙin Sudan, ga abin da na gani.

Iyawa dai za ka iya. A ayarinmu har da dattawan da suka girme ni nesa ba kusa ba, kuma lafiya lau suka gama. Kafa tanti kwana kaɗan ne hannu ya saba. Abin da ya fi gajiyar da mutane shi ne dogon zama a mota, da zama da baƙin da ba kai ka zaɓe su ba. Ana raba aiki: yau ku ne masu girki, gobe wanke-wanke, jibi loda kaya. Wanda ya zo da zuciyar a yi masa hidima tun makon farko yake zama abin ƙorafi.

Babbar shawarata ita ce, idan kamfani ya turo maka jadawalin tafiya, kada yawan sunayen wurare ya ruɗe ka. Ƙirga darare nawa za a kwana kusa da kowane kufai, da ranaku nawa motar ba za ta motsa ba sam. Jadawalin da ya cusa wurare da yawa cikin ɗan lokaci, tagar mota kawai za ka sha kallo.

Ɗauki Petra, tsohon birnin da aka sassaƙa cikin duwatsu a kudancin Jodan. Mai yini ɗaya zai bi ta Sik, wato matsattsen kwazazzabon da ya haura kilomita 1, ya fito gaban Hazna, ginin da aka sassaƙa a jikin dutse mai tsayin kusan mita 40, ya ɗauki hoto cikin cunkoso, ya juya. Mu da muka sami ƙarin lokaci, jagoranmu ya tsayar da mu tun cikin kwazazzabon ya ce mu daina ɗaga kai, mu dubi gefen dutsen daidai gwiwa. Ashe wata siririyar magudana ce aka sassaƙa tana bin bangon tun daga bakin shiga, a ɗaya gefen kuma ga gurbin da aka jera bututun yumɓu. Na sa hannu ciki, sumul, ruwa ya goge shi. Nan ne na fahimci garin. Nabatiyawa, mutanen da suka gina birnin, sun tare ruwan tsaunuka da madatsai, suka haƙa rami suka karkatar da ambaliya, suka tara shi a tafkunan dutse, shi ya sa fataken turare da ke fitowa daga kudancin ƙasar Larabawa dole su ya da zango a wurinsu su biya. Rumawa sun haɗe masarautar a shekarar 106 miladiyya, girgizar ƙasa ta 363 ta rushe sashe mai yawa na birnin. Sai washegari muka hau Dair, wani babban gini da aka sassaƙa a saman dutse, matakala kusan 800, da sanyin safiya kafin rana ta buɗe. Ba a yarda a kafa tanti cikin Petra ba, a wajenta ake kwana, don haka ka tabbata akwai aƙalla darare biyu. Kuma idan aka ce hadari ya haɗo a fita, ka fita: a 1963 ambaliya ta kashe mutum fiye da 20 a cikin Sik ɗin nan, akasarinsu Faransawa masu ziyara.

Jarash, kufan birnin zamanin Rumawa a arewacin Amman, da ƙofar sarki Hadriyan da ke cikinta, yini ɗaya ya isa. Idan hanya ta bi ta gabas, ka roƙi a tsaya Kusair Amra, ƙaramin ginin Banu Umayya na ƙarni na 8 mai zane-zane har rufi. Ka kuma sayi Jordan Pass, wato tikitin bai-ɗaya na masu yawon buɗe ido, kafin ka iso, tana ɗauke kuɗin biza ga wanda ya cika sharuɗɗanta, tana kuma shigar da kai Petra da hamadar Wadi Ram.

A Wadi Ram ne yawancin mutane suke gane cewa hamada tana da sanyi. Lokacin da ya dace da tafiyar shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma a watannin nan dare na iya kusantar daskarewa. Bargo ɗaya ba ya yi. Nemi jakar barci ta gaske, da shimfiɗa mai kauri, domin ta ƙasa sanyin yake shigowa, da hular sanyi, da safa da ba ka yi yawo da ita da rana ba. Daga Maris zuwa Mayu kuma iskar hamsin ce a Masar, zafi da ƙura, sai ta hana ganin motar da ke gabanka. Turakun tanti na yau da kullum ba sa kama rairayi. Mu jakunkuna muke cikawa da yashi mu ɗaure igiya mu binne. Takalmi kuwa ka kife shi ka kakkaɓe kowace safiya saboda kunama.

Daga Akaba jirgin ruwa ne zuwa Nuwaiba a Sinai. Ranar nan ta haƙuri ce. Motar waje ba ta shiga Masar sai da takardar kwastan da ake kira karne, sannan a ba ta lambar Masar ta wucin gadi, a duba lambar inji, a sake dubawa. Kada ka kawo jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto, Masar ta hana sai da izini, ƙwacewa za a yi.

Batun izini ka ɗauke shi da gaske. A Satumban 2015 jami'an tsaron Masar sun buɗe wa ayarin masu yawon buɗe ido wuta bisa kuskure kusa da dausayin Bahariya a Hamadar Yamma ta Masar, mutum 12 suka mutu, 8 daga cikinsu 'yan Meziko. Tun daga nan aka tsaurara shiga Hamadar Yamma, kuma dokokin suna sauyawa. Ka tambayi kamfanin kai tsaye: wa ke karɓo izinin, wane jagoran gida mai lasisi ne zai shiga da ku, in aka rufe hanya mene ne madadin? Wanda ya ce maka "kar ka damu, mun san mutane", ka nemi wani.

In izinin ya samu, wannan sashen ne na fi so a Masar, fiye da Luksor ma, duk da girman haikalin Karnak da ke can. A Farar Hamada kusa da Farafra za ku kwana tsakanin duwatsun alli da iska ta sassaƙa. A dausayin Dahla akwai tsohon garin Ƙasr na laka, da lunguna masu rufi da sunayen masu gida sassaƙe a katakon saman ƙofa. A dausayin Harga akwai maƙabartar Bagawat ta Kiristocin farko, ɗakunan tubalin laka 263 a kan tudu, wasu har yau fentin cikin ƙubbarsu bai goge ba. Ta Hargan nan ce Darbul Arba'in ta bi, hanyar kwana arba'in da ayarin raƙuma ke bi daga Darfur zuwa Asyut da hauren giwa da gashin jimina da bayi. Idan ka tsaya kan tudun ka dubi kudu ka ga babu ko ɗan itace, sai jikinka ya mutu da tunanin waɗanda aka kora a ƙafa ta nan.

Ruwa shi ne komai. Ka lissafa wa kanka lita 4 zuwa 5 na sha a yini, ban da girki, kuma ka sha tun kafin ƙishi ya zo. Motar kirki tana raba ruwanta a jarkoki da yawa, don in ɗaya ta fashe kada a rasa duka. Wanka sai an isa dausayi, alwala kuma sau da yawa taimama ce. Riƙe ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, kusan kowa sai cikinsa ya ɓaci ko sau ɗaya. Mota kuma za ta kafe, wannan ba makawa. Direba ya rage iskar tayoyi, a fito da shebur da faifan ƙarfe, kowa ya sauko ya tona. Direban da ke ƙara taka mai alhali taya na juyawa a wuri ɗaya, kabarin motar yake haƙawa.

Abu Simbel, inda haikalin fir'auna Ramsis na biyu yake, tana da nisan kusan kilomita 280 kudu da Aswan. Masu zuwa daga Aswan suna isowa da safe a tare su koma kafin azahar, saboda haka ku kwana a garin ku shiga da yamma. Ka dubi fuskokin Ramsis na biyu da kyau, za ka ga siraran layuka: wurin da aka yanka haikalin gunduwa-gunduwa ne tsakanin 1964 da 1968, aka ɗaga shi mita 65 don kada tafkin madatsar Aswan ya cinye shi.

Sai Sudan, kuma a nan zuciyata ba daɗi. Mun shiga ta Wadi Halfa, muka ga Deffufa ta Karma, ƙaton ginin laka da ya haura shekara 3,000, da dutsen Jabal Barkal, da dalar sarki Taharka a Nuri. A Marawi ta Bajarawiya, kusan kilomita 200 arewa da Hartum, mun kafa tanti bayan tudun rairayi, da asuba muka shiga tsakanin dalolin babu kowa sai mai gadi. Da yawansu ba su da kai. Wani Ba'italiye, Giuseppe Ferlini, ya farfasa su a 1834 yana neman zinariya, kayan adon sarauniya Amanishaheto da ya kwashe yanzu suna Munik da Balin a Jamus. Mutanen ƙauyukan hanya kuwa ban ga masu karamci irinsu ba, sai su tsayar da mota don dole a sha shayi. Amma tun 15 ga Afrilun 2023 ƙasar tana cikin yaƙi, har gidan tarihin ƙasa na Hartum an wawashe. Duk wanda ya sayar maka da sashen Sudan yanzu, kada ka saya. Ka tsaya a Abu Simbel, kwanakin da suka rage ka ƙara su a Petra da dausayoyin yamma. Allah Ya kawo musu zaman lafiya.

A kufai kada ka ɗauki ko ɓallin tukwane, laifi ne a ƙasashen nan, kuma ana bincike a filin jirgi. Kada ku sare 'yan itatuwan hamada don hura wuta, ku zo da gas. Kafin ka biya, ka sa su rubuta maka ko kuɗin shiga wurare da na abinci suna cikin farashin ko asusu ne daban da ake tarawa a hanya, mutum nawa ne a motar, da yadda suke kiran agaji inda babu sabis. Inshorarka kuma ka karanta ta da kanka, ka tabbata ta haɗa da ɗauko mara lafiya daga daji zuwa asibiti, domin da yawa ba su haɗa ba. In ka sami jadawalin, turo shi mu duba tare.