Amsa ga 'yar'uwar da ke son ajiye magungunan ƙoda don ta samu ciki

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kin ce ciwon lupus, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin kansa, ya taɓa miki ƙoda, kina shan mycophenolate da lisinopril da hydroxychloroquine da prednisolone, shekara biyu da aure, dangin miji sun fara ƙananan maganganu, kuma kina tunanin ajiye su duka a ɓoye don an ce miki suna lalata ciki. Ni ungozoma ce a nan Katsina, na daɗe tsakanin ɗakin awo da ɗakin haihuwa, mata masu irin lalurarki sun sha biyowa ta hannuna.

Wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa zancen ba. Biyu daga cikin huɗun ba sa shiri da ciki, sauran biyun kuwa su za su riƙe ki har ki sauka.

Mycophenolate shi ne abin tsoro. A cikin matan da ciki ya shiga suna shan sa, kusan rabi ɓari suka yi, jariran da suka zo da rai kuma kusan ɗaya cikin huɗu da nakasa suka zo, yawanci a kunne ko leɓe ko zuciya. Ɓarnar tun makonnin farko take faruwa, lokacin da mace ba ta ma tabbatar ta yi ɓatan wata ba. Shi ya sa ake dakatar da shi aƙalla mako 6 kafin ɗaukar ciki, a maye gurbinsa da azathioprine, a zuba ido wasu watanni a ga ko ƙodar ta amince da canjin. Kafin nan sai an ɗora ki a kan hanyar tazarar haihuwa mai ƙarfi, kuma likita zai zaɓa, don ba kowace ƙwaya ce ta dace da mai lupus ba. Lisinopril da ɗan'uwansa losartan kuwa, magungunan hawan jini, ƙodar jaririn suke taɓawa idan ciki ya wuce wata uku, ruwan da yake kwance a ciki ya ƙafe, tunda yawancin ruwan nan fitsarinsa ne. Musanya su ba wuya: methyldopa, nifedipine ko labetalol.

Hydroxychloroquine kada ki kuskura ki bari. Mata da yawa suna ajiye shi don sunansa ya yi kama da maganin zazzaɓi, alhali yana cikin masu hana ciwon tashi, kuma ana shan sa da ciki da goyo. Prednisolone ma ba a yanke shi rana ɗaya, jiki ya riga ya saba, yankewar kan kwantar da mutum. Sai dai a riƙa duba suga da hawan jini.

Waɗanda na ga sun fi jin jiki ba masu shan magani ba ne, masu ajiyewa ne ba da sanin kowa ba. Sai a wata na shida ko na bakwai a kawo mace fuska da ƙafa a kumbure, fitsari na kumfa, jini ya hau, likitoci su rasa ko ciwon ne ya tashi ko jijjigar masu ciki ce ke tafe, don alamunsu sun yi kama. Ƙarshenta a ciro bakwaini don a ceci uwar, wata kuma daga nan sai wankin ƙoda. Abin da likitocin ƙoda ke nema shi ne ciwon ya kwanta tsawon wata 6 a jere kafin ciki, furotin ɗin fitsari ya ragu, jini ya daidaita. Wata shida gaban uwar miji mai ƙirga watanni ba wasa ba ne, na sani, amma gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido.

Idan kika ga likita yana jan ƙafa kan wani magani, ba rashin sani ba ne. Tun bayan bala'in wani magani mai suna thalidomide, wanda aka janye a 1961 bayan an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa, ba a cika gwada sabon magani a kan masu ciki ba. A cututtukan da ba su da yawa, sai dai a tattara labarin matan da ciki ya same su suna kan maganin.  

Sai abubuwanmu na gida, waɗanda ba a rubuta su a katin asibiti. Tsimi da jiƙe-jiƙen neman haihuwa da za a yi ta aiko miki, ki karɓa ki yi godiya, amma kada ki sha, ƙodarki ce za ta tace su. Diclofenac da ibuprofen na kemis ki rabu da su, paracetamol ya isa. A wurin awo ki faɗi ciwon ƙodarki kafin a miƙa miki Fansidar. Wataƙila a ɗora ki a kan ƙaramin aspirin daga mako na 12 don rage haɗarin jijjiga. Idan Allah ya sauke ki lafiya, kunun kanwa ba naki ba ne, gishirin da ke cikinta zai tayar da jinin. Ki shirya wa Hajiyar da za ta kula da ke wannan maganar tun kafin jego, kada a yi rigima da ɗanyen jiki.

Ki ɗauki maigidan ku je tare, ya ji daga bakin likita, shi zai fi iya tare miki danginsa. Ki nemi likitan ƙoda da likitan mata su duba ki tare, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ko a na Malam Aminu Kano idan can kike zuwa. In kuma al'adarki ta riga ta yi jinkiri kina kan mycophenolate, kada ki jira ranar da aka rubuta miki: ki yi gwajin ciki na fitsari yau, ki kwashi kwalayen magungunan duka ki tafi da su asibiti. Allah ya ba ki lafiya, ya kawo masu albarka.