Fanshon ɗan majalisa da kujerar Makka: amsa ga wani tela daga Garwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tela ne a nan Garwa. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi zango biyu yana ɗan majalisar dokoki ta ƙasa a Yawunde, yanzu ya dawo gida yana karɓar fansho. Bana ya kira ni ya ce zai biya mini kujerar Makka. Da na ba da labari a wurin hirarmu ta bayan isha'i sai gardama ta kaure. Wani ya ce kuɗin 'yan majalisa haram ne tun daga tushe, domin ba da shari'a suke doka ba. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi shekara talatin da alli a hannu, ya ce shi sai da takalminsa ya suɗe kafin fanshonsa ya fito, ta yaya wanda ya zauna kan kujera mai laushi shekara goma zai riƙa cin kuɗin talakawa har ya mutu? Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Mene ne hukuncin albashinsu da fanshonsu? Kuma in karɓi kujerar ko in bari?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwana, da ka tsaya tambaya kafin ka miƙa hannu. Mutane da yawa sai sun haɗiye suke tambayar abin da suka ci.

Maganar mutumin farko ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya ce wa sarkin Masar: "Ka sanya ni a kan taskokin ƙasa, lalle ni mai tsarewa ne, masani", kamar yadda ya zo a aya ta 55 cikin Suratu Yusuf, kuma sarkin ba a kan addininsa yake ba. Kamaru ƙasa ce da Musulmi da Kirista da sauran jama'a suka yi tarayya a cikinta. Kujeru 180 ne a majalisar dokoki, a can ake yanke kasafin da za a gina asibiti ko a bar shi, a gyara hanyar Ngaundere zuwa Garwa ko a manta da ita. In mutanen kirki suka ƙaurace, kujerun ba za su zauna babu kowa ba. Saboda haka shiga majalisa da niyyar kare haƙƙin jama'a da rage ɓarna halal ne, da sharaɗin kada ya ɗaga hannu ga abin da Allah ya haramta a fili.

Albashi kuma yana da asali mai ƙarfi. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa da aka naɗa Sayyidina Abubakar halifa ya ce mutanensa sun san sana'arsa ba ta gaza ciyar da iyalinsa ba, amma yanzu lamarin Musulmi ya shagaltar da shi, don haka iyalan Abubakar za su ci daga wannan dukiya, shi kuma ya yi wa Musulmi aiki a cikinta. Ka lura da dalilin da ya kawo. Bai ce don girmansa ba, alhali babu wanda ya kai shi girma a wannan al'umma bayan Annabi. Cewa ya yi aikin jama'a ya raba shi da kasuwarsa. Duk wanda jama'a suka tsare lokacinsa, ciyar da shi yana kan baitulmali. Kai ma da za a ɗauke ka daga kan kekenka a ce ka tafi Yawunde ka wakilci unguwa, dole a ba ka abin da zai riƙe gidanka. In ba haka ba, mai kuɗi kaɗai zai iya wakilci, ko kuma talaka ya je ya sayar da bakinsa ga mai kuɗi.

Amma iyaka fa? A nan maganar dattijon malamin makaranta take da nauyi, kuma ba na so ka ɗauke ta a matsayin hassada.

Abu Dawud ya ruwaito daga Mustaurid ɗan Shaddad cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa ma'aikaci izinin ya samu mata, da mai hidima in ba shi da shi, da gidan zama in ba shi da shi. Ya kuma ruwaito daga Buraida: "Wanda muka ɗora a kan wani aiki, muka yanka masa abin masarufi, to abin da ya ɗauka bayan wannan ha'inci ne." Sayyidina Umar kuwa cewa ya yi ya ajiye kansa game da dukiyar Allah a matsayin mai riƙon maraya: in ya wadata ya kame, in ya buƙata ya ci gwargwadon abin da aka sani. Ma'aunin ke nan da aya ta 6 cikin Suratun Nisa'i ta kafa. Isasshe ne abin da shari'a ta ba ma'aikacin jama'a, isasshen da ya dace da matsayinsa da ɗawainiyarsa, har da mota da mazauni da kuɗin tafiya, domin daga Kusiri zuwa Yawunde ba nan kusa ba ne. Tara dukiyar da jikoki za su gada ba ya cikin wannan izini.

Kuma "abin da aka sani" ana auna shi ne da halin ƙasar da ake ciki. A shekarar 2023 aka ƙayyade mafi ƙarancin albashi a Kamaru: sefa 60,000 a wata ga ma'aikatan kamfanoni, 45,000 ga na gona, 41,875 ga ƙananan ma'aikatan gwamnati. Litar fetur da take 630 ta koma 730 a 2023, ta koma 840 a 2024. Ambaliyar 2024 ta cinye gidaje da gonaki a Yagwa da kewayenta, ga waɗanda rikicin Boko Haram ya kora daga ƙauyukansu a Mayo Sava da Mayo Tsanaga. A shekarar yunwa ta 18 bayan hijira, wadda ake kira shekarar toka, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa man shanu, ya koma cin man zaitun har launin jikinsa ya sauya, don ya ɗanɗani abin da talakawansa ke ɗanɗana. Ban ce a tilasta wa kowa zama Umar ba. Amma wakilin mutanen Yagwa da zai zauna ya nemi ƙarin alawus a shekarar da suke kwana kan tudu, ya san da wace fuska zai tsaya gobe.

Abin da ya fi damuna a wannan babi shi ne wanda yake yanka rabon. Duk ɗalibin da ya yi Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, a zaure ya haddace cewa ba a karɓar shaidar wanda yake jawo wa kansa amfani da ita, ko yake tunkuɗe wa kansa cuta. Alƙali ma ba ya yanke wa kansa hukunci. Sayyidina Abubakar ba shi ya yanka wa kansa albashi ba, sahabbai ne suka yanka masa. To majalisa ita ke amincewa da kasafin ƙasa a zaman watan Nuwamba, kuma nata kasafin yana ciki. Mai rabo ne da wuƙa a hannu, naman kuma har da nasa. Doka ta ba su wannan dama, amma ƙa'idar malamai ita ce duk tasarrufin shugaba a kan talakawa rataye yake da maslaharsu. Hatimin gwamnati ba ya mai da almubazzaranci halal. Bukhari ya ruwaito daga Khaulatu Ba'ansariya cewa Annabi ya ce wasu mazaje suna kutsawa cikin dukiyar Allah ba da haƙƙi ba, wuta ce tasu ranar alƙiyama. Saboda haka ɗan majalisar da ya nemi ƙarin da ya wuce kima, ko ya ɗaga masa hannu yana sane, ya yi laifi, kuma abin da ya haura isasshe yana wuyansa ya mayar da shi ga maslahar jama'a. Wanda ya tarar da tsarin a haka, bai roƙa ba, bai goyi bayan ƙari ba, to hadisin Umar ya shafe shi, inda Annabi ya ce masa abin da ya zo maka na wannan dukiya ba kana hange ko roƙo ba, ka karɓa. Mafita ta gaskiya ita ce a ɗauke wannan wuƙa daga hannunsu, wasu amintattu da ba su da rabo a ciki su riƙa yanka musu, a kuma bayyana wa jama'a adadin.

Sayyidina Umar yakan rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi, in ya ga ta kumbura ya raba ta biyu ya mayar da rabi baitulmali. Sashe na 66 na tsarin mulkin 1996 ya wajabta wa 'yan majalisa da sauran manya bayyana dukiyarsu a farkon aiki da ƙarshensa, sai dai shekaru sun shuɗe ba a ga ana aiki da shi ba. Musulmin da ke majalisa shi ya fi cancanta ya tashi ya nemi a raya shi, tunda sunnar Umar ce tun kafin ta zama doka.

Sannan albashi yana halatta ne da aiki. Zaman majalisa na yau da kullum uku ne a shekara, Maris da Yuni da Nuwamba, kowanne ba ya wuce kwana 30. Wanda ko waɗannan kwanakin ba ya halarta ba tare da uzuri ba, ko ya sa hannu ya fice, ko ya gama zangonsa bai taɓa karanta dokar da yake ɗaga wa hannu ba, ya ci kuɗin aikin da bai yi ba. Kuɗin ƙananan ayyuka don mazaɓunsu kuwa, in an ba su, amana ce tsantsa, na rijiya ne da ajin makaranta da ɗakin shan magani, ko dala ɗaya ba ta halatta ta shiga aljihunsa. Haka ambulan ɗin kuɗi da ake turowa kafin jefa ƙuri'a. Da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar?

A nan dole in faɗa mana gaskiya mu ma. Mu ne muke cika ƙofar gidan ɗan majalisa tun asuba: wannan suna, wancan biki, wannan takardar asibiti, wancan kuɗin makaranta, har da mu masu rawani da takardar ginin masallaci. In ya ce babu, mu ce ya yi rowa, zaɓe mai zuwa mu juya masa baya. Wanda aka ɗora wa ɗawainiyar gari guda, albashinsa ba zai isa ba, sai ya nemo ta wata hanya. Wannan bai wanke shi ba, amma mu ma hannunmu bai fita ba.

Yanzu fansho. Kashi biyu ne. Abin da aka riƙa cirewa daga albashinsa lokacin da yake aiki haƙƙinsa ne da aka jinkirta masa, babu shakka a kansa. Abin da gwamnati ta ƙara daga baitulmali kuwa, malamanmu na Malikiyya, musamman Imam Ƙarafi, sun bambanta tsakanin ladan ijara, wato kuɗin aikin da aka ɗauki mutum ya yi, da abin da shugaba ke bayarwa don maslaha. Na biyun ba sai ya yi daidai da kwanakin aiki ba, maslaha ce ma'auninsa. Kuma akwai maslaha a fili: wanda ya san in ya sauka ba zai wulaƙanta ba, ya fi kusa da kame hannunsa yana kan kujera. Abu Yusuf ya kawo cewa Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ce ba mu yi masa adalci ba in muka ci ƙuruciyarsa muka yashe shi da tsufa, ya sa aka yanka masa abin masarufi. Asalin fansho ke nan, kuma halal ne.

Sai dai wannan hujjar da ta halatta wa yayanka, ita ce ta fi ƙarfi a hannun dattijon malamin makaranta. Ma'aikacin kamfani da ke ƙarƙashin CNPS, asusun fanshon ma'aikata na ƙasa, sai ya kai shekara 60, da aƙalla wata 180 na zubi, kafin ya samu cikakken fansho. Waɗanda suke rubuta wa mutane irin wannan sharaɗi ba ya halatta su sassauta wa kansu fiye da kima, nasu ya fito a kan kari, na mai alli da mai allura ya kwana cikin ƙura. Zaluncin da aka yi wa dattijon bai haramta fanshon yayanka ba, amma ya ɗora masa nauyi. Ya san ofisoshi, ya san mutane. Ka gaya masa, cikin ladabin ƙane ga wansa, ya riƙa bin takardun tsofaffi da zawarawan unguwarku har haƙƙinsu ya fito, ba tare da ya karɓi ko goro ba. In kuma yana da wadatar kasuwanci ko gona da ta ishe shi, kamewa daga kason baitulmali ko sarrafa shi ga mabuƙata shi ya fi, kamar yadda Sayyidina Abubakar ya yi wasiyya a mayar da abin da ya rage a hannunsa na dukiyar Musulmi.

Batun kujerarka: asalin abin da ke hannun Musulmi nasa ne, ba a ɗora maka binciken aljihun yayanka ba, kuma zancen wurin hira ba hujja ba ne. Ibnul Ƙasim, almajirin Imam Malik, ya halatta mu'amala da karɓar kyautar wanda mafi yawan dukiyarsa halal ce, ya karhanta in haram ta fi yawa. In ka san albashi da fansho da sana'a su ne galibin abin da yake da shi, karɓi kujerarka da zuciya ɗaya. In kuwa ka sani, sani na yaƙini, cewa wannan kuɗin na rijiyar wani ƙauye ne da ba a haƙa ba, ko na ambulan ɗin cin hanci ne, kada ka karɓa. Khalil, malamin fiƙihun Malikiyya, ya ce hajji da dukiyar haram ya inganta amma mai shi ya yi saɓo, kuma ba wanda zai so ya tsaya a Arfa da wannan a wuyansa. Hajji bai wajaba a kanka ba sai ka samu iko, ƙin karɓar ba zai sa ka cikin laifi ba. In zuciyarka ta tsaya a tsakiya, ka same shi ku biyu, ka roƙe shi ya biya maka daga fanshonsa ko ribar gonarsa, ya ambata maka hakan da bakinsa. Wannan ya wadatar, ba sai ka nemi ya rantse ba.

Wallahu a'alam.