Wanda Bai Iya Kawo Hujja Da Baki Ba, Imaninsa Ya Inganta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗalibin kimiyya ne a Samaru. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi kullum cewa yake addini yarda ce kawai, babu hujja, wai da a Indiya aka haife ni da yanzu gunki nake bauta wa. Na kasa ba shi amsa. Tun daga nan wasu tunane-tunane suke zuwa mini har cikin salla, abin yana ƙona mini rai, barci ya gagare ni, sai in tashi in yi wanka in sake kalmar shahada, wani daren har sau biyu. Na kai kuka wurin wani mai karatun tauhidi, shi kuma ya ce duk wanda bai san dalilin aƙida ba imaninsa bai inganta ba. To Malam, mahaifiyata tana cikin birni, ba ta yi karatu mai zurfi ba. Shin imani hujja ne ko yarda? Ni da ita muna cikin Musulunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, a duk abin da ka rubuta, inda na tsaya shi ne cewar da ka yi abin yana ƙona maka rai. Hukuncin yana rataye a nan. Shakkar da take fitar da mutum daga addini ita ce wadda ta zauna a zuciya, mai ita ya yarda da ita, gaskiya da ƙarya suka zama ɗaya a wurinsa. Mai irin wannan ba ya rasa barci. Abin da ke tare da kai wasiwasi ne. Sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) irin kukanka, suka ce muna jin abin da ya fi ƙarfin mu furta, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Malamai suka ce ƙyamar da suka ji ce ake nufi da tsantsar imani, ba tunanin kansa ba. Ɓarawo ba ya haura katangar kango. Saboda haka ba ka yi ridda ba, kuma wankan nan na tsakar dare ka daina shi daga yau. Ba wajibi ba ne, ba mustahabbi ba ne, abinci ne kake ba wasiwasin yana ƙara ƙiba.

Batun hujja ko yarda kuwa, raba su da abokinka ya yi shi ne kuskuren. Alƙur'ani cewa yake ku kawo hujjarku in kun kasance masu gaskiya, kuma ya zargi masu cewa haka muka tarar da iyayenmu. Hujja ita ce take tabbatar da samuwar Mahalicci da gaskiyar Manzo. In waɗannan biyun sun tabbata, sai a karɓi abin da Manzon ya ba da labari na gaibu, kabari da hisabi da siraɗi, ba don an gani ba sai don mai faɗar ya tabbata mai gaskiya. Mara lafiya a asibitin Shika ba ya shiga ɗakin gwaji ya duba jininsa da kansa, amma ba wanda zai ce yardarsa da sakamakon makauniya ce. Kai kanka nawa ka gwada da hannunka cikin abin da ka haddace na kimiyya? Zancen Indiya kuwa, wurin haihuwa yana bayanin yadda ra'ayi ya iso ga mutum, ba ya hukunta ko ra'ayin gaskiya ne. Salmanul Farisi cikin masu bautar wuta aka haife shi. Kuma shi abokin naka, da a wata ruga aka haife shi wadda intanet ba ta kai ba, da wannan maganar tana bakinsa?

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai karatun tauhidin. Maganar da ya faɗa maka ba shi ya ƙago ta ba, tsohon saɓani ne da ake kira mas'alar imanin muƙallidi, wato wanda ya yi imani ta hanyar koyi. Mu'utazilawa, wata tsohuwar ƙungiyar aƙida mai fifita hankali, sun tsananta a kai, har aka ruwaito daga Abu Hashim al-Jubba'i cewa farkon abin da ya wajaba a kan baligi shi ne shakka. Wasu malaman ilmin kalami, wato kare aƙida da hujjar hankali, na Ahlus Sunna ma sun karkata ga tsanantawa, kuma duk wanda ya karanta littafin tauhidin nan Ummul Barahin a zaure ya san yadda marubucinsa Imam Sanusi, wanda ya rasu a 1490, ya ɗauki nazari da girma. Amma cewa imanin tsohuwa bai inganta ba sai ta jero dalilan siffofin Allah ashirin, wannan magana ce mai rauni ƙwarai.

Ka duba aikin Annabi (SAW). Ƙabilu sun riƙa shigowa Musulunci ƙungiya-ƙungiya bayan buɗe Makka, wa aka tsayar aka ce sai ya kawo hujjar cewa duniya tana da mafari kafin a karɓi shahadarsa? Kuyangar Mu'awiya ɗan Hakam tambaya biyu aka yi mata, aka ce a 'yanta ta, mumina ce. Usama ɗan Zaidu da ya kashe wanda ya furta kalmar shahada a fagen yaƙi, tambayar da aka yi masa ita ce ko ya tsaga zuciyarsa. Idan furucin wanda takobi ke kansa ya isa a kame daga gare shi, ina ga matar da ta shekara 50 tana tashi asuba cikin hunturun Zariya? Ibnu Hajar ya kawo daga Abu Ja'afar as-Simnani, wanda shi kansa babban malami ne a mazhabar Ash'ariyya ta Ahlus Sunna, cewa wannan mas'ala ragowar Mu'utazilanci ce da ta maƙale a mazhabar. Gazali ya ƙirga masu kafirta gama-garin Musulmi a kan rashin sanin kalami cikin mafi wuce iyaka. Abin da malaman baya suka dogara da shi shi ne muƙallidi mai yankewa, wanda ba ya kokwanto, mumini ne, kuma dalili na dunƙule ya wadatar.

A ƙasar nan ma an yi wannan rigimar an gama. Zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo akwai ɗalibai da suke tsare talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa su ce kafiri ne. Shehu ya tsaya tsayin daka a kansu, har ɗansa Muhammadu Bello ya ambata cewa rubuce-rubucen da ya yi a kan wannan sun haura 50. Abin mamaki, bayan shekara 200 sai ga yaro ya karanta babi biyu ya tono abin da aka binne.

Kuma wa ya ce mahaifiyarka ba ta da hujja? Tana da ita, tsara ta ne ba ta iya ba. Ka ɗauko mata zancen tsohon masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ka tuna mata bakan gizon rufinsa ka ce ƙasa ce ta tara kanta ta lanƙwasa, ka ji abin da za ta ce maka. Wannan shi ne dalilin da ke cikin Suratuɗ Ɗuri, ko an halicce su ba daga komai ba, ko su ne masu halittar, ayar da Jubairu ɗan Muɗ'im ya ji a sallar magariba ya ce zuciyarsa ta kusa tashi. Ina gargaɗinka, kada ka je gida ka zaunar da ita kana yi mata jarrabawa. Ka gaishe ta, ka nemi addu'arta.

Kai kuwa hukuncinka ya ɗan bambanta da nata, don shubuha ta riga ta shiga kunnenka kuma kana da ƙwaƙwalwar bincike. Ya zama dole ka koyi abin da zai kawar da ita, a gaban malami mai natsuwa, ba a waya ƙarfe biyu na dare ba. Zaurukan Kona da Unguwar Juma ba su yi nisa da Samaru ba. Tambayar da ke da amsa ka rubuta ta ka kai. Wadda kuwa take juyawa ba ƙarshe, irin wa ya halicci Allah, umarnin Annabi (SAW) shi ne a nemi tsari a tsaya. Neman ƙarin natsuwa ba aibi ba ne, Annabi Ibrahim ya nema.

Abokin ɗakinka kada ka zage shi, kada kuma ka tara masa jama'a, ka san yadda irin wannan take ƙarewa a makarantunmu. Ka ce masa ba ka sani ba za ka tambayo, wannan ba faɗuwa ba ce. In zaman yana cutar da kai, ka nemi sauyin ɗaki. In kuma bayan wata guda har yanzu kana maimaita wanka ko alwala ko niyya ba ka iya dainawa, ka ga likitan ƙwaƙwalwa, domin wasiwasi mai tsanani cuta ce sananniya da ake yi wa magani, kuma zuwa wurin likita bai saɓa wa tawakkali ba.

Wallahu a'alam.