Wi-Fi ba ya kaiwa ɗakin baya, in sayi sabuwar rauta?

Malam, ka ce rautarka, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, tana falo, da ka shiga ɗakin baya sai sigina ta ɗauke, shi ne kake tunanin sayen mai Wi-Fi 6, wato samfurin Wi-Fi da ya fi na baya sauri. Dakata tukuna, ka duba wayarka da kwamfutarka. Idan ba sa ɗaukar Wi-Fi 6, za su haɗu da sabuwar rautar, amma da tsohon saurinsu.

Ni a ganina matsalarka bango ce. A zangon sigina biyu da rauta kan watsa, 5GHz da 2.4GHz, na 5GHz ya fi gudu, sai dai bangon bulo biyu kan raunana shi sosai, 2.4GHz kuwa ya fi ratsa gini. Tawa rautar a ƙasa take bayan talabijin, da na ɗora ta kan kabad a tsakiyar gida, sai ga sanda uku na sigina har kicin.

In hakan bai wadatar ba, ja wayar Cat6, wato kebul na intanet, daga rautar zuwa ɗakin, tana kai mita 100, ka haɗa rauta ta biyu a can. Ƴar na'urar ƙara sigina da ake sokawa a soket tana da arha, amma sau da yawa rabin saurin take ba ka.