Likita ya ce Hajiya ta rage ƙiba kafin tiyatar ƙugu, ejan ya ce a kawo kuɗi

Wani ɗan'uwa mai sayar da goro a Aboabo, Kumasi, ya rubuto mini. Ya ɗauko mahaifiyarsa daga Kano wata biyu da suka wuce saboda ciwon ƙugu ya hana ta tafiya. Likitan ƙashi ya ce mahaɗar ƙugun ta cinye, sai an sauya ta da ta ƙarfe, amma sai Hajiya ta rage nauyi an kuma daidaita sugarta. Nauyinta kilo 112, tsayinta mita 1.60. Wani ejan ya ce in an biya rabin kuɗi zai kai su Indiya cikin mako uku, can ba ruwansu da ƙiba. Yayansa kuma yana bugo waya daga gida yana cewa rowa ce ta sa yake jan ƙafa.

Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Likitan nan ba korar ku ya yi ba. Akwai ma'aunin da suke kira BMI: a raba nauyi da tsayi, a sake raba abin da ya fito da tsayin. Na Hajiya ya kusa 44. Daga 30 ake cewa ƙiba, daga 40 kuwa likitocin ƙashi da yawa sukan dakata, domin daga nan ne matsalolin bayan aiki suke ƙaruwa sosai. In ta sauko kilo 102 ta faɗo ƙasa da 40. Ka ga kenan kilo goma ake magana, ba a ce ta koma budurwa ba.

Abin da suke tsoro shi ne wurin yankan. Kitse mai kauri ba ya samun jini sosai, don haka rauni yakan daɗe yana ruwa, aikin kansa yakan ɗauki lokaci, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. In suka kai ga ƙarfen sukan manne masa su yi wani rufi a kansa wanda magani ba ya ratsawa. Sau da yawa sai an sake buɗewa, a cire ƙarfen, a yi makonni ana ƙarin maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a sake sa wani. Tiyata ɗaya ta zama uku. Suga in ta hau, ita ma tana hana rauni haɗewa. Ga gocewar sabuwar mahaɗar, ga gudan jini da kan daskare a ƙafa ya tafi huhu. Duk da haka mai ƙiba in aikin ya yi kyau yana samun sauƙin ciwo ƙwarai, yana kuma komawa tafiya. Aikin na da amfani gare ta, shiri kawai yake so.

Shi kuwa ejan, kamashonsa yana fitowa ne ranar da aka kwantar da mara lafiya, abin da ya biyo baya ba nasa ba ne. Na san wata baiwar Allah a unguwar Nima ta Ankara, babban birnin Gana, da aka yi wa irin wannan gaggawar. Ta dawo Ankara ko wata ba ta cika ba, wurin ya fara zubar da ruwa. Da aka je wajen likita ya nemi takardar aikin da sunan ƙarfen da aka sa, babu ko ɗaya a hannunsu, lambar ejan kuma ta daina shiga. Filin da suka sayar bai isa aiki na biyu ba. Doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan irin wannan tiyata ita ma tana ƙara haɗarin gudan jini, kuma ban taɓa jin ejan ya faɗi haka ba.

Ka kuma lura da takardun Hajiya. Da fasfon Najeriya ta shigo, kwana 90 ɗin da ECOWAS ta ba ta saura wata guda. Ka je ofishin shige da fice ka nemi ƙarin wa'adi da takardar likita tun yanzu. In ejan ya ce zai haɗa mata shaidar zama a Gana don neman biza daga nan, ka tashi daga wurin, domin jabu ce, kuma sunanka ne zai ɓaci tunda kai ne mazaunin. In ma tafiyar ta zama dole nan gaba, wasiƙar gayyata daga asibitin take fitowa kai tsaye, kuɗi kuma a asusun asibiti ake zubawa, ba a momon wani ba, wato asusun kuɗinsa na waya. Kafin nan ka ji ra'ayin likita na biyu, ga asibitin Komfo Anokye a kusa da kai, ga na Korle Bu a Ankara. Ka tambayi kuɗin ƙarfen daban, kada ka dogara da katin inshorar lafiya a kansa.

Batun yayanka, ina tare da kai. Wanda yake Kano yana ba da umarni ta waya ba shi zai kwana yana juya Hajiya ba in rauni ya ruɓe. Biyayya ga uwa ba a auna ta da tsadar tikitin jirgi. Ka tura masa takardar likita, ka ce ya faɗi nawa zai sa. Da wuya wayar ta ci gaba da yawa haka.

Wahalar gaskiya tana cikin gidanka. Mu mutane ne da muke ganin jikin dattijuwa alamar 'ya'ya sun riƙe ta, kuma baƙuwa a zango kowa sai ya aiko da kwano: koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da rana, tuwon zafi da dare, ga shayi mai madara da sukari tsakani. Ka yi magana da maiɗakinka da maƙwabta cikin ladabi. Amma kada a sa ta yunwa ko shayin rage ƙiba na kasuwa, domin jikin da ya rasa abinci mai gina jiki shi ma rauninsa ba ya warkewa. Kifi, ƙwai, wake da ganye su tsaya, a rage tuwo da zaƙi. Tunda tafiya na yi mata wuya, ka nemi masu gashin ƙashi su koya mata motsin da za ta yi a kwance ko a zaune. Ka tanadi kujerar salla da masai na zama tun yanzu, don makonnin farko bayan aiki ba a tsuguno ba a zama a tabarma. Ka sayi ma'auni, a riƙa rubuta nauyinta duk Juma'a, ka tafi da littafin ranar komawa asibiti.