Yini guda ko rabin yini: amsar Baffa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wani Alhaji a Kantin Kwari yana so ka zauna masa a shago daga safe har magariba, ga kuma wata makarantar kuɗi da za ka koyar zuwa azahar, da yamma ka koma gyaran wayarka. Kana tambaya ko a al'adarmu abin kunya ne namiji ya yi aikin rabin yini.

Babu kunya a ciki, kuma ba yau aka fara ba. A gidan kakanka gandu ake yi. Da damina, tun da sassafe kowane ɗa namiji, har mai iyali, zai saɓa fartanya ya bi maigida gona, a kawo fura da hantsi, ba a tashi sai azahar. Duk abin da aka noma rumbun gida yake shiga. Amma kowa da gayaunarsa, 'yar gonar da yake shiga da la'asar da ranar Juma'a. Gyaɗar da ta fito tasa ce, ya sayar ya sayi keke, ba mai tuhumarsa.

Abin da samarin yanzu ke mantawa shi ne maigida ba ya cin gumin kowa a banza. Shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, auren fari a wuyansa yake, ragon suna ma haka. Ranar da ya gaza, gandu ya watse ke nan, kowa ya raba tukunya. Kasuwa ma wannan ta gada. Yaron shago ya yi wa ubangida hidima shekaru, babu albashi a rubuce, sai kuɗin abinci da ɗinkin sallah, amma ƙarshenta a sallame shi da jari, a haɗa shi da masu ba da kaya bashi. Wannan sanayyar malamin makarantar kuɗi ba ya samun ta ko ya shekara goma riƙe da alli. Sai dai fa na ga waɗanda suka yi furfura a bakin shago, sallama shiru.

Ko aikin gwamnatin da muke ɗoki a da, tun dokar fansho ta 2004 a albashinka ake cirewa a tara maka. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 aka sa wa hannu a 2024, kai ka san kuɗin buhun shinkafa. Shi ya sa ma'aikaci ke tashi daga ofis ya zarce gona ko shago.

Kada ka amsa wa Alhajin da bakinka kai kaɗai. Ni ko mahaifinka mu zauna da shi a gaban shaidu: shekara nawa, me zai riƙa ba ka, da me zai sallame ka. Kafin nan ka bi ta ƙarƙashin ƙasa ka binciki yaransa na baya, nawa ya sallama, ina shagunansu. In ka samu biyu ko uku da suka tsaya da ƙafarsu, haƙura da gyaran waya ka shiga. In babu, riƙe allinka da wayoyinka. Zan shigo Kano bayan sallah in Allah ya yarda. Ka gaishe da mahaifiyarka.